Shekara biyar ina ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya

Ni Bazazzagi ne, haifaffen cikin ganuwa, kuma gidanmu gidan dukawa ne. Kakana baduku, mahaifina baduku. Tun da na yi wayo abin da na sani shi ne Baba zaune a zaure kan buzu, ya miƙe ƙafa, fata a cinya, basilla a hannu, yana ɗinkin gafaka ko kube ko kayan doki. In Sallah ta gabato zauren nan ba ya rabuwa da yaran masu sarauta, wannan ya zo karɓar kamazuru, wancan ya kawo majayi a gyara kafin hawa. Da basillar nan aka ciyar da mu tara, aka sa mu makaranta.

Ni ne ɗan aiken majema. Wanda ya taɓa shiga majema ya san abin da nake nufi in na ce wari: toka, bagaruwa, kashin tattabara da ake jiƙa fata a ciki don ta yi laushi, ga ruwan da ya kwana biyu a rami. In ka ɗauko fata a ka daga can, ko ka yi wanka da sabulu sai warin ya bi ka. Ina aji biyu na sakandare, wata safiya na biya majema kafin makaranta, na shiga aji a makare. Wani yaro daga kujerar baya ya toshe hanci ya ce, "Wa ya shigo mana da mushe?" Aji ya kwashe da dariya. Na tabbata yaron ya manta da maganar tun kafin a fita tara. Ni kuwa na riƙe ta fiye da shekara goma. A ranar na ƙudurta a raina, ni da fata haihata-haihata.

A Zariya in an ce "jami'a" ba a tambayar wacce. ABU ce, Jami'ar Ahmadu Bello, tun 1962 tana nan Samaru, ga ɓangarenta na Kongo inda ake karatun shari'a da na mulki, ga asibitin koyarwa can Shika. Muna yara mukan ari keke mu tafi har babbar ƙofar Samaru, mu tsaya muna kallon masu shiga da fita. Masu farar riga su suka fi tafiya da ni. Na ce likita zan zama. Inna ta fara kirana "Likita" tun ban gama aji shida ba, unguwa ta ɗauka. Sunan da aka sa min don ƙauna, shi ya zame min ƙarfen ƙafa.

Na gama sakandare a 2011. Kemistiri da Bayoloji da lissafi sun yi kyau, Fiziks ta ƙi. JAMB kuwa na ci 187 cikin 400, kuma likitanci nake nema. Shekara ta biyu na gyara Fiziks da NECO, JAMB ta ba ni 204. Har ila yau ko kusa da bakin layi ban je ba.

Daren da sakamako na biyu ya fito, Baba ya kira ni zaure bayan isha'i. Yana ɗinkin wata gafaka, bai ɗago kai ba ya ce, "Akwai wata makaranta can Samaru, ta 'yan fata. Wani abokina ya taɓa kai ni. Na ga injin da yake tsaga fatar sa gida biyu kamar takarda. An ce suna ɗaukar wanda ya gama sakandare. Tun da ka iya wannan kemis ɗin naku, da ka gwada."

Na ce, "Baba, ni karatu nake so in yi, ba jima ba."

Ya tsaya da ɗinkin. Na ga ya kalli hannunsa, yatsun nan da rini ya riga ya zauna musu. Can ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da soka basilla. Bai sake tayar min da zancen ba. A cikin duk abin da na yi a shekarun nan, kalmomin nan su ne har yau nake jin nauyinsu in na kwanta.

Abokaina biyu da muka faɗi tare tun a karon farko ba su tsaya ba. Ɗaya ya tafi FCE, kwalejin ilimi ta tarayya, neman NCE, takardar shaidar malanta, ɗaya ya shiga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli ya fara difloma. Ni kuwa a majalisa ina ce musu 'yan makarantar waɗanda jami'a ta ƙi. Na FCE ɗin ya zaunar da ni ya yi min bayani dalla-dalla: wanda ya yi NCE ko difloma ko IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ya fita da sakamako mai kyau, zai iya neman shiga jami'a kai tsaye ya fara daga aji biyu. Ya ce hanya ce mai zagaye amma tana kaiwa. Na ce ni ba na zagaye. Girman kai rawanin tsiya, an faɗa, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

A 2013, bayan faɗuwa ta uku, na haɗu da wani mutum a kafen da muke duba sakamako. Dogo ne, shadda mai maiƙo, fayil a hammata, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce yana da hanya. Daga baya na gane ba ya aiki a jami'a, ba ya aiki a ko'ina, sana'arsa ke nan farautar irinmu a bakin kafe. Ya yanka min naira 150,000. Na je wa Inna da kuka. Ta kwashi adashinta, ta sayar da awaki biyu, da abin bai kai ba ta sa aka fitar da keken ɗinkinta, wanda da shi take yi mana kayan Sallah. Baba da ya ji, abin da ya ce kawai, "Wanda ya shiga ta taga, ta taga ake fito da shi." Muka ce tsoho ne, bai san zamani ba.

Bayan mako biyu mutumin ya kawo min takarda, da tambari da sa hannu da komai. A shekarar malaman jami'o'i suna yajin aiki, daga Yuli har Disamba, shi kuwa ya samu wurin fakewa. Duk sanda na kira shi sai ya ce, "Haba Likita, wa zai yi maka rajista ana yajin aiki? Sai an koma." Wata biyar ina yawo a unguwa a matsayin ɗan jami'a mai jiran a buɗe. An yi min barka, wani kawuna har ya ba ni kuɗin sayen jaka.

Da aka koma na saka sabuwar riga na tafi. Matar da na tarar a ofishin ta karɓi takardar, ta duba kwamfuta, ta sake duba takardar, ta cire tabarau. Ta ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan?" Ban amsa ba. Ta ce, "Sunanka ba ya cikin waɗanda aka ɗauka, kuma wannan sa hannun ba na kowa ba ne a nan. Nawa ka ba shi?" Ta faɗa a hankali don kada na bayana su ji, Allah ya saka mata. Na fito na kira lambar mutumin, a kashe. Daga Samaru har Kwangila a ƙafa na zo, ban san na yi tafiyar ba. Na zauna ƙarƙashin gada har aka kira magariba.

Na shiga gida ina jiran zagi. Inna ta dube ni, ta dubi takardar da na murƙushe a hannu, ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Zaman gida ya gagare ni, gaisuwar "Likita, ya karatu?" ta fi ƙarfina. Na zama yaron mota a bas mai zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Samaru. Na sake zana JAMB a 2014, na kuma yi a 2015 lokacin da aka mayar da ita ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma duk likitanci na cike, alhali littafi ma na daina buɗewa. Makin sai ƙasa yake yi. Ba don ina sa rai nake cikewa ba, don dai in samu abin faɗa ne in an tambaye ni. A tasha na fara zama da yaran da ke shan maganin tari ba tari. Sau biyu na kurɓa. Abin da ya hana ni na uku, tsoron kada Inna ta ji warinsa.

Wani abin dariya, aikin yaron mota a Zariya rabinsa kiran sunayen makarantu ne. Daga safe har dare ina rataye a ƙofa ina ihu, "Kwangila! Abiyeshin! Samaru! Men get! Leda!" A bakin fasinja na san garinmu. A nan na ji cewa kwalejin jiragen sama ta Palladan, wadda take nan tun 1964, ba tuƙi kaɗai ake koyarwa ba, akwai masu gyaran jirgi da masu ba shi hanya daga hasumiya. Na ɗauki 'yan kwalejin aikin gona ta Samaru da takalman roba duk taɓo, na ɗauki 'yan makarantar jinya, na sauke masu zuwa cibiyar fasahar sufuri ta hanyar Basawa. Kowa da jakarsa, kowa da inda ya nufa. Ni ina karɓar kuɗin mota ina ba su canji, ban taɓa kawo wa raina cewa ɗaya daga cikin ƙofofin nan za ta iya zama tawa ba.

Wata rana abokina na FCE ya shigo motar. Ya gama NCE, yana koyarwa a wata firamare, kuma ya samu shiga jami'a aji biyu, ta hanyar nan mai zagaye. Ya miƙo kuɗi na ce ya bari, ya ce sam. Da zai sauka bakinsa ya suɓuce ya ce, "Sai an jima, Likita." Muka kalli juna. Ya fi ni jin kunya.

A tsakiyar azumin 2015 Baba ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ga kayan doki na mutum uku a zaure an karɓi kafin alƙalami, an riga an ci kuɗin a cefane da magani, ga Sallah saura kwana goma sha. Yayyena duk mata ne, ƙannena ƙanana. Ba wanda ya ce in yi. Bayan asuba na shiga zaure, na zauna kan buzun, na ɗauki basilla. Na ɗauka na manta, ashe hannu bai manta ba. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a gefena, aka jingina shi da bango. Magana ba ta fita sosai, sai ya riƙe sanda da hagu, in ɗinki ya karkace ya buga ƙasa sau ɗaya, in warware in sake. A daren jajibere muka gama. Rabona da in zauna kusa da shi haka tun ina firamare.

Sallar ta zo cikin damina. Bayan Hawan Daushe yaron ɗaya daga cikin masu kayan ya zo zaure da farar babbar riga a hannu, gabanta duk ja. Ruwa ya taɓa su a hanya, jan fatar ya zuba. Ya zazzaga mana ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, Baba yana jingine yana ji, ba bakin ramawa. Na koma majema na tambayi abin da ya jawo, suka ce wani sa'in haka rini yake yi, haka suka gada. Na dawo na faɗa wa Baba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya fitar da kalma ɗaya: "Samaru."

Washegari na naɗe ragowar fatar na hau bas, wannan karon a kujera. Na sauka a Leda, tashar da na kira sunanta ya fi sau dubu. Ita ce cibiyar fasahar fata da kimiyya ta ƙasa, NILEST, wadda a da ake kira CHELTECH, tushenta kuma tun 1964 ne, lokacin da aka fara horar da mutane kan gyaran ƙirgi da fata. Aka haɗa ni da wani ma'aikacin ɗakin gwaji. Ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a fatar, ya nuna min jan da ya fito. Ya ce rinin bai kama ba, ba a wanke rararsa ba, ba a kuma rufe fuskar fatar ba. Ya fara zancen tsami da kaifin ruwa yana neman yadda zai sauƙaƙa min, na ce, "pH kake nufi, ranka ya daɗe?" Ya ajiye ƙyallen ya dube ni. Ya ce, "Kai ka yi sakandare?" Na ce na yi, har da kiredit a Kemistiri. Ya ce, "To me kake yi?" Na ce yaron mota ne ni, amma gidanmu dukawa ne. Ranar ce ta farko da na faɗi haka da bakina ga baƙo.

A 2016 na zana JAMB ta shida, na sa makarantar nan a zaɓin farko. Makin da na ci bai kai na 2012 ba, amma ya isa. Na fara difloma ta ƙasa a fasahar fata ina da shekara 24, a aji ɗaya da yaran da na girme wa shekara shida, bakwai.

Abin da ya same ni a aji shi ne na yi ta cin karo da majemarmu a cikin littafi. Bagaruwar da nake dakawa ina ƙunƙuni, ashe sinadarin tanin ne a cikinta, shi ke kama zaren fata ya hana ta ruɓa. Toka da farar ƙasa, kaifinsu ne ke sassauta gashi har kartaji ya kwashe shi. Kashin tattabarar nan da ya sa aka kira ni mushe, aikinsa aikin da masana'anta take sayen hodar inzayim daga waje don ta yi. Malaminmu ya ce fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can fatake suke kai ta bayan sun ƙetare sahara. Ina zaune ina rubutu, zuciyata tana zaure. Duk abin da tsohon nan yake ganewa da hanci da ɗan yatsa, mu muna auna shi da sikeli da takardar gwaji, kuma sau da yawa amsar ɗaya ce. Bambancin, mu mun san dalili, don haka in ya lalace mun san inda za a gyara.

Fatar farko da na jeme na rina da hannuna, jar akuya ce, na kawo ta gida na sa wa Baba a hannun hagu. Ya murza ta, ya naɗe ya warware, ya kai hanci. Sannan ya lashi babban yatsa ya goga da ƙarfi, ya ɗaga yatsan yana dubawa. Ba ja. Ya gyaɗa kai. Na ce, "Baba, ka yafe min maganar da na faɗa maka." Ya ce, da ƙyar, "Wacce?" Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi ko rufa min asiri. Ya rasu da sanyin farkon 2017, ban gama ba. Allah ya jiƙansa.

Na yi aikin sanin makama a wata masana'antar jima a Challawa, Kano, na gama a 2018. Yanzu ina da shago, ina yin sandal da hafshu da bel, ga yara huɗu suna koyo. Kayan doki kuwa a zauren gida nake yinsu, kan buzun nan. Ba zan ce na yi arziki ba. Wuta ba ta tsayawa, fata ta yi tsada don mai kyau ana fitar da ita waje, ta shanu kuma an cinye ta a ganda, ga takalman roba na waje da suka cika kasuwa a rabin kuɗin nawa. Amma na yi aure, na mayar wa Inna keken ɗinkinta, sabo. Har gobe Likita take kirana, ba ta iya wani sunan ba. Kuma in na wuce ta Shika na ga masu farar riga, wani abu yakan ɗan motsa min a ƙirji, ba zan ɓoye ba.

Bara ɗan yayata ya faɗi JAMB karo na biyu, shi lauya yake so. Uwarsa ta turo min shi. Ban yi masa wa'azi ba, na san ba ya shiga. Na goya shi a mashin muka fita tun safe. Muka tsaya a Kongo ya more kallo, muka wuce FCE, wadda sa'ar ABU ce a shekaru, ita ma 1962, na ce masa nan abokina ya bi. Muka zaga ta Gaskiya, gefen Barewa, muka fita hanyar Kaduna na nuna masa Nuhu Bamalli, muka juyo ta Palladan daidai wani ƙaramin jirgi yana sauka. A Leda muka ƙare, na saya masa ruwa muka zauna a inuwa. Na ba shi labarin takardar bogi da keken ɗinkin kakarsa, abin da ko uwarsa ba ta sani ba duka.

Ya yi shiru yana wasa da ledar ruwan. Can ya ce, "Kawu, na ji. Amma ni dai Kongo."

Na ce to. Na biya masa kuɗin fom, da sharaɗin ni zan raka shi wurin cikewa, kuma guraben ƙasan nan da ake sa kwalejin ilimi da ta fasaha ba za a bar mai kafe ya cike su da ka ba, shi zai zaɓa da bakinsa. Ya zaɓa yana ɓata rai. Kafin sakamako ya fito na ce ya riƙa zuwa shago da yamma yana taya ni shafa gam. Ranar farko ya zo da turare a aljihu.